Shirin UCAT da intabiyun shiga karatun likitanci: kowa ya kawo abin da ya sani

Mai neman gurbi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ga masu neman karatun likitanci a waje, musamman Birtaniya, tambaya biyu ce ke yawan dawowa: yaya ake shirya wa UCAT, jarabawar tantance masu neman gurbin likitanci, kuma me ake nema a MMI, wato intabiyun da ake bi ta gajerun tashoshi a jere? Waɗanda suka zauna, ko suke horar da masu zama, don Allah a taimaka mana da bayani dalla-dalla. Shawarar "ka dage da karatu" mun riga mun same ta a gida.

Ɗalibin aji huɗu:
Wa alaikumus salam. Fara da sanin fasalin jarabawar, don tun 2025 ya canza, kuma tsofaffin littattafai suna nan suna ɓatar da mutane. An cire sashen siffofi gaba ɗaya. Abin da ya rage huɗu ne. Sashen fahimtar rubutu, tambaya 44 a minti 22. Sashen yanke shawara, tambaya 35 a minti 37. Sashen lissafi, tambaya 36 a minti 26. Sai SJT, wato auna sanin ya-kamata, tambaya 69 a minti 26. Ukun farko kowanne daga maki 300 zuwa 900 ne, jimla 900 zuwa 2700. In ka ji wani yana cewa ya ci 2900, tsohon tsari yake nufi, kada gabanka ya faɗi. Shi SJT rukuni ake bayarwa, 1 zuwa 4, kuma 1 ne mafi kyau.

Yanzu raba lokacin ka gani. Fahimtar rubutu daƙiƙa 30 ce ga kowace tambaya. Lissafi kamar daƙiƙa 43. Tambayoyin kansu ba su fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Agogon ne ke kayar da mutane. Ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, saboda haka barin tambaya babu amsa asara ce tsantsa. In ta cije, zaɓi ɗaya, sa mata tuta, wato alamar dawowa kanta daga baya, wuce.

Sau ɗaya ake zama a shekara, tsakanin Yuli da Satumba, a cibiyoyin jarabawa na kamfanin Pearson VUE, kuma da ka fito za a miƙa maka sakamakonka. Amfanin wannan shi ne ka san makinka kafin 15 ga Oktoba, ranar da UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta, ke rufe karɓar takardun likitanci. Gurbi huɗu kawai za ka iya cikewa da likitanci, to ka zaɓe su gwargwadon makin da ke hannunka. BMAT kuwa, ɗaya jarabawar shiga likitancin, an daina ta bayan 2023, kada kowa ya sayar maka da littafinta.

Malamar horo:
Bari in tsaya a kan fahimtar rubutu, don nan ne maki ya fi zubewa. Nassi 11 ne, kowanne da tambaya huɗu, wato minti biyu ga nassi har da karatunsa. Wanda ya ce sai ya karanta nassin tsaf daga farko zuwa ƙarshe, da wuya ya wuce na bakwai kafin lokaci ya ƙare. Karanta tambayar tukuna, ɗauki kalmar da ido zai iya cafkewa, kamar shekara, sunan mutum ko adadi, sannan ka bi nassin da ido har ka same ta. Karanta jimlar da take ciki da wadda ke gabanta da wadda ke binta. Ka kula, kalma ɗaya takan fito sau biyu a nassi, kuma sau da yawa ta biyun ce ke gyara ta farkon.

Tarkon da ya fi kama ɗalibai masu ƙoƙari shi ne abin da suka sani daga waje. Misali nassi ya ce Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, bai ƙara komai a kansa ba. Sai tambaya ta ce Fleming ya samu kyautar Nobel: gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba za a iya sani ba? Kai ka san ya samu a 1945. Amma nassin bai faɗa ba, don haka amsar ita ce ba za a iya sani ba. Mai yawan karance-karance ya fi kowa faɗawa wannan ramin.

Tambayoyin da ke cewa "wanne ne marubucin zai fi yarda da shi" ko "duk gaskiya ne in ban da" suna cin lokaci ninki biyu, domin sai ka gwada zaɓi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Makinsu kuwa ɗaya ne da na mai sauƙi. Irinsu ake sa wa tuta.

Mai lissafi:
A sashen lissafi matsalar kalkuleta ce. Ta kan allo ce, mai sauƙi ƙwarai, kuma danna ta da linzami ɓata lokaci ne. Koyi amfani da madannan lamba na gefen dama na kibod, ka tabbata Num Lock a kunne yake. Alt da C na buɗe kalkuletar, Alt da N tambaya ta gaba, Alt da P ta baya, Alt da F tuta. Wanda yake atisaye a waya ko a ƙaramar kwamfutar cinya marar madannan lamba, ya nemi cikakken kibod ya haɗa tun yanzu.

Kurakurai biyu ne ke maimaituwa. Na farko kaso cikin ɗari: daga 80 zuwa 100 ƙarin kashi 25 ne, amma daga 100 zuwa 80 ragin kashi 20 ne, domin da adadin farko ake rabawa. Na biyu lokaci. Mota ta yi kilomita 90 a awa 1 da minti 15. Mai gaggawa zai danna 90 a raba da 1.15 ya samu 78 da 'yan kai, alhali minti 15 rubu'in awa ne, 1.25, amsa 72. Irin wannan kuskuren masu tsara tambaya sun san shi, don haka kada ka ɗauka ganin amsarka cikin zaɓin ya nuna ka yi daidai.

A sashen yanke shawara, tambayoyin da ke da jimla biyar na "e" ko "a'a" maki biyu ne, kuma ana ba da ɗaya in ka kusa cikawa. Zana da'irori a allon rubutun da za su ba ka, kada ka riƙe "duk", "wasu" da "babu ko ɗaya" a ka.

Ɗalibin aji huɗu:
Malam, na yarda da batun kibod, amma ni a ganina an fi samun riba in aka rage taɓa kalkuletar ma. Wanda ya haddace cewa ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne, ɗaya bisa shida kusan 16.7, ya san murabba'in lambobi zuwa 20, rabin tambayoyin da kiyasi zai gama su in zaɓin sun yi nisa da juna.

Malamar horo:
Duka biyun ne, ƙanena. Batun tsawon shiri kuma, mako shida zuwa takwas ya ishi yawancin mutane, awa biyu a rana. Makon farko ba agogo, don a gane nau'in tambayoyi. Daga nan komai da agogo. Makonni biyun ƙarshe cikakkiyar jarabawar gwaji, a zaune wuri ɗaya, ba tashi, a daidai lokacin da aka ba ka na ranar. Gwaje-gwajen da ke shafin UCAT na hukuma kyauta ne kuma su suka fi kama da ta gaske, a ajiye su zuwa ƙarshe.

Abin da ke raba mai ci gaba da mai tsayawa wuri ɗaya shi ne bita. Wani zai yi tambaya dubu uku makinsa bai motsa ba, saboda yana duba maki ne ya rufe. Buɗe littafi, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta dalili da kalma biyu: ban karanta tambaya ba, lokaci, raka'a, ilimin waje. Bayan mako za ka ga abu biyu ko uku ne ke cin ka, ba ashirin ba.

Kada kuma a raina SJT don shi ne na ƙarshe kuma an gaji. Akwai jami'o'in da ba sa duba wanda ya faɗa rukuni na 4 komai yawan makinsa. Karanta ƙa'idojin aikin likita na GMC, hukumar da ke kula da likitocin Birtaniya. Jigon kullum ɗaya ne: lafiyar majinyaci a gaba, gaskiya ko da za ta ja maka, kada ka yi abin da ya fi matsayinka, kuma in abokin karatu ya yi kuskure, a fara yi masa magana a keɓe kafin a kai sama, sai fa in majinyaci na cikin haɗari a lokacin.

Likita mai tantancewa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni intabiyu zan taɓa. MMI daga Jami'ar McMaster ta Kanada ta samo asali a farkon shekarun 2000, kuma dalilin ƙirƙiro ta shi ne kada ra'ayin mutum ɗaya ko biyu ya yanke wa ɗalibi hukunci. Tashoshi ne a jere, galibi shida zuwa goma, kowacce 'yan mintoci, kowacce da mai ba da maki daban. A wurare da yawa za ka karanta umarni a bakin ƙofa, a buga ƙararrawa, ka shiga. Ma'anar wannan a aikace: wanda ke tasha ta biyar bai san abin da ka yi a ta huɗu ba. Ɗalibai da yawa tasha ɗaya suke ɓatawa, sai su ɗauko fuskar su shiga da ita uku na gaba.

Amsar hadda ana gane ta tun jimlar farko. Ido ya tafi sama, murya ta zama ta karatu. Da an katse shi da "me ya sa ba aikin jinya ba?" sai zaren ya tsinke. Riƙe maki uku a ka, ka bar kalmomin su zo da kansu. In an tambaye ka abin da ka gani a asibiti ko gidan kula da tsofaffi, jerin sassan da ka zaga ba ya kawo maki. Ɗauki abu ɗaya: yadda likita ta ja kujera ta zauna daidai da idon majinyaci kafin ta yi magana, me hakan ya canza, me ka koya game da kanka.

A tashar ɗa'a ginshiƙai huɗu ne: 'yancin majinyaci ya yanke wa kansa, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da adalci tsakanin mutane. Amma ambaton sunayensu kawai ba komai ba ne. A ce baligi ya ƙi ƙarin jini kuma zai iya mutuwa. Fara da tambaya: hankalinsa ya kai ya yanke wannan shawarar? A Ingila da Wales dokar 2005 ta zayyana abu huɗu: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya iya bayyana zaɓinsa. Akwai mai matsa masa? An gaya masa sauran hanyoyin? In duk sun cika, zaɓinsa ne, ko da kai ba haka za ka zaɓa ba. In yaro ne ɗan ƙasa da 16, lissafin ya canza, nan ake kawo hukuncin Gillick na 1985, hukuncin kotu kan lokacin da yaro zai iya amincewa da jinya da kansa. Ka nuna ɓangarorin biyu, sannan ka tsaya a kan matsaya. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye har ƙararrawa ta buga bai amsa ba.

Mai neman gurbi:
Na gode, Likita. Tashar da ake sa ɗan wasan kwaikwayo fa? Ita ta fi ba mutane tsoro.

Likita mai tantancewa:
Ba ilimin likitanci ake nema a cikinta ba, shi ya sa labarin yakan zama na yau da kullum: ka ɓatar da abin da aka ba ka aro, ko abokinka ya faɗi jarabawa. Gabatar da kanka, ka tambayi abin da ya riga ya sani, ka yi masa shimfiɗa da jimla ɗaya cewa labarin ba mai daɗi ba ne, sannan ka faɗa a fili. Daga nan ka yi shiru. Shirun nan shi ne inda yawanci ke faɗuwa; daƙiƙa biyar ta yi musu tsawo, sai su cika ta da uzuri. In ya fusata, kada ka ce ya kwantar da hankali, kada ka yi alkawarin da ba ka da iko a kai. In laifinka ne, ka ce naka ne. Sau da yawa ɗan wasan yana riƙe da wani bayani da ba zai saki ba sai an yi masa buɗaɗɗiyar tambaya.

Akwai kuma tashar lissafin magani. Yaro mai kilo 20, magani miligiram 15 ga kowane kilo, ruwan maganin miligiram 120 a mililita 5. Miligiram 300 kenan, mililita 12.5. Faɗi matakan da baki, ka ambaci raka'a.

Atisaye da mutum ake yi, da agogo, kuma gara wanda ba ya jin nauyinka. Ɗauki kanka a bidiyo sau ɗaya. Ba daɗin kallo, amma za ka ji "am, am" ɗin da ba ka san kana yi ba. In ta intanet ce, kyamara daidai ido, haske a gabanka, ba taga a bayanka ba.

'Yar MCAT:
Ga masu kallon Amurka da Kanada, a sani wannan wata duniya ce. Sai da digirin farko, ko ana dab da gama shi. Jarabawarsu, MCAT, tambaya 230 ce, sassa huɗu, zaman kusan awa bakwai da rabi, maki daga 472 zuwa 528. Ita kimiyya take tambaya sosai: kemistiri, fiziks, bayoloji, har da ilimin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, don haka shirin wata uku zuwa shida ne, ba mako shida ba. Sau uku kawai ake iya zama a shekara, bakwai a rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon da aka yi maka, saboda haka ba a shiga don gwaji.

Mai lissafi:
Tunda an fita Birtaniya: mai haɗawa da IMAT, jarabawar shiga likitanci ta Italiya, ya ajiye ɗabi'ar canke a ƙofa. Can amsa daidai maki 1.5 ce, kuskure kuma a cire 0.4. In ba ka iya kore zaɓi ɗaya ko biyu ba, bar tambayar.

Ranar UCAT kuma, sunan da ke fasfo ya zama shi ne wanda aka yi rajista da shi harafi da harafi. A gwada alƙalamin allon rubutu kafin a danna fara, in ya bushe a ɗaga hannu a canza. A shiga bayi tun kafin a zauna, domin in ka fita a tsakiya agogo ba ya jiran ka.