Hutun yara a Cape Coast: wa ya taɓa zuwa Kakum?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Maigida ya yi wa yara alkawarin kai su su ga teku a hutun Disamba, kuma Ghana ya zaɓa. An ce a Cape Coast ana samun teku, ga daji kusa. Yara uku ne, babbar shekararta 12, auta 4. Wanda ya taɓa zuwa ya ba mu haske don Allah.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Disamba ya yi, ruwa ya ɗauke. Daga Accra wajen kilomita 150 ne, amma cunkoson Kasoa kaɗai sai ya cinye muku rabin safiya, don haka ku kama hanya da an idar da sallar asuba. Sunan garin Kasoa ma daga “kasuwa” tamu ya samo asali. Ku riƙe katin allurar shawara na kowa, har auta.

Hajiya ta Kumasi: Ƙanwata, gandun dajin Kakum wajen kilomita 30 ne daga Cape Coast. Abin da ke kai mutane shi ne gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaure a saman itatuwa, tun 1995 ake hawansu. Katakon takawa siriri ne, raga dama da hagu, ƙasa kuwa wajen mita 30 take. Yana lilo, ba wasa. Ni da na gama cika baki a mota, a gada ta biyu ba addu'ar da ban karanto ba, jikokina na gaba suna ta dariya. Babbar za ta ji daɗi. Auta kam ki bar shi a ƙasa da wani, don tun kafin a kai gadar akwai tudu mai cin gwiwa. Ku isa da an buɗe, kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin.

Baban Sadik: Kuma kada a yi musu alkawarin giwa. Akwai su a dajin, amma ba sa fitowa inda jama'a suke. Tsuntsaye da malam-buɗe-littafi za su gani.

Malam Na Zango: Ni maganar tekun ce ta dame ni. Ruwan gaɓar nan yana da ja ta ƙasa, yaro na tsaye ruwa iya gwiwa sai yashi ya zame masa. Mun sauka a wani masauki da aka ce yana da mai tsaron bakin ruwa, kwana uku ban sa shi a ido ba. Ku nemi wuri mai tafkin wanka, teku a tsaya a jiƙa ƙafa, hannun auta a naki.

Maman Hanifa: Subhanallah, dama wankan suke ta ɗoki. To abinci fa, Malam?

Malam Na Zango: Wannan ba damuwa. Ku shiga zango wajen kasuwar Kotokuraba, da Hausa za ku yi ciniki. Koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana. Kifi kuwa sai Elmina, garin masunta da ke kusa da Cape Coast, lokacin da kwale-kwale ke dawowa. Ban da Talata, ranar masunta ba sa fita.

Hajiya ta Kumasi: Tunda za ku Elmina, ku shiga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ɗakunan da aka tsare bayi suna nan, duhu, ba iska. Babbar ta isa ta gani. Ƙananan ku bar su a tsakar gidan, tawa jikar sai da ta kwana biyu tana tambayata.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Kenan Litinin Kakum, Laraba Elmina. Hajiya, takalmi wane iri ake hawan gadar da shi? Duk silifa ne da su.

Hajiya ta Kumasi: Kambas. Silifa idan ya faɗa ta raga, sai dai biri ya gaje shi.