'Yata tana ɗingishi, an ce gocewar kwatangwalo ce tun haihuwa

Maman Ummi, Pantami: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 1 da wata 9. Tun da ta fara tafiya take ɗingishi, ƙafar hagu kamar ta fi gajarta. Surukata ta ce shan inna ne. Sau biyu muna kai ta wurin mai ɗori yana murzawa, tana tsala ihu. Jiya aka yi hoto, likita ya ce kan ƙashin cinyar ba ya cikin gurbinsa, da haka aka haife ta, kuma sai tiyata. Wallahi ban runtsa ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka min.

Baban Hanan, Bajoga: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Tamu tana da shekara 2 aka yi mata a Asibitin Ƙashi na Dala, Kano. Aikin bai ba mu wuya kamar simintin ɗorin da aka sa mata bayan tiyatar ba. Daga ƙirji har ƙafafu aka ɗaure ta, ƙafafun a buɗe, aka bar 'yar ƙofa ta sa famfas. Kusan wata 3, ga zafin bazara. Babu wanka, sai goge jiki da tsumma. Uwarta kan juya ta da dare saboda gyambo, in ƙaiƙayi ya taso kuma sai fifita, don an hana cusa tsinke. Yanzu da ƙafarta take zuwa Islamiyya.

Maman Sadiya, Jekadafari: Ni Allah ya taimake ni da wuri. Tawa 'yar fari ce, a zaune ta zo wajen haihuwa, kuma an ce irinsu da 'ya'ya mata abin ya fi kamawa. Wajen sauya famfas na lura cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar. Tana wata 2 aka sa mata ɗamarar Pavlik, wato maɗaurai masu riƙe cinyoyi a buɗe, ƙafafu kamar na kwaɗo. Ba a taɓa ta da wuƙa ba.

Hajiya Kaka, Bolari: 'Ya'yana, ku riƙe goyo, yana buɗe cinyoyi. Ku daina miƙe ƙafafun jinjiri kuna naɗewa tamau a zani. Ke kuma Maman Ummi, kada ki sake komawa wurin mai ɗorin nan, wannan ba karaya ba ce.

Maman Ummi: Na gode, Hajiya, Allah ya saka. Baban Hanan, don Allah tambayar min maman Hanan, da simintin ta yaya take ɗaukarta a mota?