Me kuka taɓa tararwa da kuka birkice dutse?

Ɗan Rano: Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya ni da ƙanena muka hau gefen dutse muna ɗibar duwatsun da za mu jera a bakin gona, don ruwa na neman cinye mana kunya uku. Ta gefen da rana ke duka, duk wanda muka ɗaga ƙasansa ƙamas yake, sai tururuwa. Da muka zagaya inuwa, gindin wata kanya inda ganye ya taru ya ruɓe, ina birkice wani faffaɗa sai ga 'yan ƙwari masu ruwan toka sun watse, za su kai talatin. Ba su wuce ƙwayar wake ba, bayansu sala-sala kamar sulke. Na taɓa ɗaya da tsinke, ya dunƙule ya koma kamar ɗan duwatsun wuya. Ƙanena ya rantse 'ya'yan kyankyaso ne. Wa ya taɓa gamo da su?

Malamin kimiyya, Birnin Kudu: Wa alaikumus salam. Ka ce wa ƙanen naka ya ƙirga ƙafa. Kyankyaso shida gare shi, wannan kuwa 14. Asalinsa ma dangin ƙaguwa ne da jatan lande, tudu kawai ya hawo, shi ya sa bai rabu da son laima ba. Abin numfashinsa na ƙasan cikinsa ta wajen wutsiya, in ya bushe an gama. Na gani da idona. Wani hunturu yara suka kawo min su daga gindin duwatsun garin nan a gwangwanin tumatir biyu, ɗaya da jiƙaƙƙen ganye, ɗaya wayam. Washegari na wayam ɗin ko ɗaya ba ya motsi. Na ganyen suka yi mana sati biyu a aji har muka mayar da su. In ka juya macen, wani lokaci za ka ga 'yar jaka a ƙirjinta, a ciki take rainon ƙwai har su fito.

Tsohon mai haƙar kuza, Riruwai: Malam ya yi gaskiya a batun laima. Ni shekaruna na ƙuruciya a cikin rami na yi su. Da damina, a tsaunukanmu ta wajen dajin Falgore, ko ɓawon itace ka ɗaga za ka same su. Amma bari bazara ta kama, ka birkice dutse ɗari ba ka ga ɗaya ba. Mutum sai ya ce sun mutu. Ina! Ƙasa suke yi. Gangaren dutse ba dunƙulallen abu ba ne, tarin duwatsu ne bisa juna, tsakaninsu da kafofi, saiwa ta ratsa, ruɓaɓɓen ganye ya zurara ciki. Mun sha sa diga mu yi kamu huɗu ko biyar, sai ka ji sanyi ya bugo hannunka kamar ka leƙa randa. To a nan za ka tarar da su maƙale jikin dutse, ga tana ta naɗe, ga ƙananan dodon koɗi sun toshe bakinsu suna jiran ruwa. Wasu da muke gani can ƙasa fari-fari ne, ba duhun na sama. Wanda nake tsoro a ramin nan ɗaya ne, shanshani. Ya taɓa samuna a yatsa, daren nan ban runtsa ba.

Uwar biyu, Kazaure: Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ashe masu sulken nan ne nake gani a gindin randata! Ni kam toka nake watsa musu, a zatona cizo suke yi.

Malamin kimiyya, Birnin Kudu: Hajiya ki adana tokarki, ba sa cizo, ba su da dafi. Ruɓaɓɓen ganye ne abincinsu, kashinsu kuma ya koma ƙasa ya zama taki. In sun dame ki, ɗora randar a kan duwatsu ƙasanta ya sha iska, da kansu za su ƙaura.

Mai fasa tsakuwa, Dutse: Ku kuna ta masu sulke, mu kunama ce abokiyar aikinmu. Bara na ɗaga dutse na ganta da 'ya'ya farare cunkus a gadon baya. Wani a cikinmu ya ce cinye ta suke yi da ranta. Na rufe na bar ta, bayan sati biyu na dawo na same ta garau, 'ya'yan sun sauka. Goyo ne kawai. Kuma wanda bai taɓa gwadawa ba ya haska ta da tocilan duba kuɗi da dare, sheƙi take yi kore-kore. Yayana na Rano, in za ka ɗaga dutse ka kama gefen da ke nesa da kai ka jawo, abin da ke ciki ya fita ta can. Kada ka cusa yatsu ƙasa.

Uwar biyu, Kazaure: Mu ƙadandoniya ce ta tayar mana da hankali. Yarona ya taka ta a takalmi, yatsunsa suka yi baƙi-baƙi kamar ƙuna, muka kwasa sai asibiti. Aka ce ruwan da take fitarwa ne ya rina fatar, a wanke da sabulu, kada dai ya taɓa ido. Sai da ya kwana biyu kafin ya goge.

Tsohon mai haƙar kuza, Riruwai: Akwai wani kwazazzabo da na sani tun ina yaro, da duhun itatuwa. Masu gawayi sun bi ta kansa. Da daminar nan na bi ta wurin na ɗaga duwatsu kusan goma, cinnaka kawai na gani.

Ɗan Rano: Na gode ƙwarai, Baba da Malam. Yau da sassafe muka koma gindin kanyar. Na ɗora ɗaya a tafin hannu, na jira ya warware, na ɗauke shi hoto ta ciki muka buɗa. Bakwai dama, bakwai hagu. Ƙanena ya ce biyu daga ciki gashin baki ne, sai mun sake ƙirgawa gobe.