Wace kalma za mu tsayar wa "racing": tsere, sukuwa ko gasa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum masana. Kalmar nan ta Turanci ta haɗe gudun ƙafa, keke, mota, babur, doki, raƙumi da kwale-kwale. A rediyo wani ya ce tsere, wani gasa, wani sukuwa. Wacce za ta ɗauke su duka?

Alƙalin Fili: Wa alaikumus salam, Malam. Gasa ta yi faɗi, don dambe da musabaƙa duk gasa ne, kuma ba sauri ake aunawa ba. Gudu kuma mutum shi kaɗai ma yana yi. Tsere ne ya dace, saboda yana buƙatar sanannen nisa, wurin tashi, layin ƙarshe da abokan karawa. A filin guje-guje zagaye ɗaya mita 400 ne, faɗin kowane layi mita 1.22. Wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya wuce bayan ƙarar bindiga, an ɗauka ya riga bindiga, nan take za a fitar da shi. Riga bindiga ne ya fitar da Usain Bolt daga tseren mita 100 a Daegu a 2011. A layin ƙarshe kuma ƙirji ake dubawa, ba kai ko hannu ba.

Ɗan Barga: Sukuwa dai ku bar wa doki abarsa. Ita ce a saki linzami doki ya zura a guje, ko da abokin karawa ko babu. A hawan sallah mahaya na sukuwa su ja birki gaban sarki su yi jinjina, ba mai neman na ɗaya. Kilisa kuwa motsa doki ce kawai. Sunan filin sukuwa ya riga ya zauna, a bar shi, amma a labari a ce tseren dawaki.

Makanike: Yallaɓai alƙali, ina da ja. Formula 1 tsere ne, ba musu: tare motocin suke tashi, su yi kusan kilomita 305, in ba ruwan sama dole direba ya yi amfani da taya iri biyu. Canjin taya huɗu ba ya kai sakan uku in komai ya tafi daidai, mutum uku ke kan kowace taya, noti ɗaya ne tak ke riƙe ta, in ya cije tseren ya lalace. To amma rali fa? Ɗaya bayan ɗaya ake sakin motoci, da tazarar mintuna, a ƙarshe a tara lokacin kowa. Haka wasu ranakun tseren keke na Tour de France. Ba wanda ya tsere wa wani a ido.

Alƙalin Fili: Tsere ne, Oga, agogo ne dai ke raba gardama. Mu ce tseren agogo. Ga inda kalmar ba ta dace ba: a Vienna a 2019 Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40, amma ba abokin karawa, masu ja masa gaba suna ta canjawa, daga kan keke ake miƙa masa ruwa. Shi ya sa ba a rubuta shi a kundin bajinta ba. Wannan gudun fanfalaki ne, ba tsere ba.

Malamar Nahawu: Na yarda, sai dai a kula da aikatau. "Direban ya tsere" na nufin ya gudu ya ɓuya, kamar mai laifi. A ce ya shiga tsere, ya lashe tsere, ko ya tsere musu in ya ba su rata. Karo guda tsere ne. Harkar gaba ɗaya wasan tsere, jam'i wasannin tsere. Sai ɗan tsere, 'yar tsere, motar tsere. Na mutum huɗu kuma tseren miƙa sanda, wanda a na mita 100 sau huɗu dole sandar ta canza hannu cikin mita 30.

Mai Fassara: Na gode, Hajiya. Ninƙaya fa?

Alƙalin Fili: Tseren ninƙaya, tunda wanda ya fara taɓa allon bango shi ya ci. Alkafura daga kan dandamali zuwa ruwa maki ake ba ta, ita gasa za ka rubuta.