A taimaka da sunayen wasannin dusar ƙanƙara da Hausa, kafin 21 ga Fabrairu

Maman Iman: Assalamu alaikum. A Oslo nake zaune, ƙasar Norwe. 'Yata mai shekara 4 tana makarantar rainon yara da ake kira barnehage. Malamarsu ta ce saboda ranar harshen uwa ta duniya kowace uwa ta kawo sunayen wasannin da yara ke yi a waje da harshenta, za a manna a bango. A nan kullum sai an fita da su, ko ana zuba dusar ƙanƙara, an naɗe su cikin kayan sanyi. Kalmomi huɗu ne: snøball da suke curawa suna jifa, snømann da suke ginawa su sa masa hancin karas, aking wato zama kan faranti a gangaro daga tudu, sai snølykt, ƙananan dunƙulallu da ake jerawa kamar rumbu a kunna kyandir a ciki. Ba na son bangon Hausa ya zama fili. Kwana uku ya rage.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Na farko ai curi ne, kamar na fura. Curin ƙanƙara. Na uku wasan zamiya.

Anti Malama: Curi ya zauna daram. Na biyu mutum-mutumin ƙanƙara. Rumbun kuma ke da kanki kin faɗa, rumbun haske.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku dakata. Kafin a raɗa wa jikoki suna a gyara na kaka. Ni tun asali ban yarda da "dusar ƙanƙara" ba. Dusa abincin dabba ce, abin da aka bushe aka ware. Abu fari tas yana saukowa daga sama a hankali, ka ce masa dusa? Audugar sama, shi na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina. Ƙanƙara kuwa mun san ta, ita ce mai faɗowa da damina tana ƙarar kwano tana kashe shuka.

Ɗan Zazzau: Malam, da girmanka, shekara nawa gidajen rediyo suna cewa dusar ƙanƙara? Ka je ƙauye ka faɗa, dattijo mai rediyo a kafaɗa zai gane. Ka ce audugar sama, sai ya zaci rimi ne ya fashe.

Malam Na Bakin Kasuwa: To rediyo ne ya haifi Hausa? Ina zaton wani ne a Landan sauri ya kama shi ya fassara, mu kuma muka haɗiye. Kullum sai abin da aka faɗa daga Turai yake da daraja a idonku.

Bamaraɗiya: Mu ma a Nijar dusar ƙanƙarar muke ji, ba mu tsaya tambayar wa ya fara ba. Amma na lura duk lokacin da aka zo raɗin kalma a nan, Kano da Zariya ne ke yanke hukunci, kamar Maraɗi da Damagaram ba Hausa suke yi ba.

Ɗan Zazzau: Hajiya, wa ya hana ki? Kawo taki.

Maman Iman: Baba Malam, ka gafarce ni, ni da nake taka ta kullum ina ganin wanda ya ce dusa ya taɓa ta da hannunsa. Idan sanyi ya yi tsanani sosai, busasshiya take zuwa, ka damƙa ta warwatse, ko kaɗan ba ta curuwa. Jiya Iman ta yi ta matsawa da safar hannu har ta fara kuka, malamar ta durƙusa ta ce mata a bari sanyi ya ɗan sassauta. Sai ma'auni ya dawo kusa da sifili take ɗaukar danshi ta kama jikinta, su nan suna ce mata kram. Daidai da dusar da aka yayyafa wa ruwa. Auduga ba ta haka. Kuma suna cika kofi su shigo da shi aji, yaran su zauna suna kallo ya narke, ruwan da zai rage bai kai rabin kofin ba, wani lokaci ɗan kaɗan ne a gindi. Ranar da take sauka suna tara ta kan baƙar takarda, su duba da gilashin ƙara girma, su ƙirga kusurwa shida-shida. Da haka Iman ta koyi shida.

Anti Malama: Allah sarki. Wannan ya fi ƙirga a allo nesa ba kusa ba.

Abu Sumayya: Ni damuwata mutum-mutumin nan. Kalmar tana kai zuciya ga gunki. Yarinya ƙarama za a koya wa, a yi hattara.

Bamaraɗiya: To ga tawa. Ɗan tsana. Muna yara da ƙashi da kara muke yin 'yar tsana, ba wanda ya taɓa kiran ta gunki. Ɗan tsanan ƙanƙara.

Ɗan Zazzau: Ɗan tsana a hannu ake riƙe shi, wannan kuwa ya fi yarinyar tsawo.

Anti Malama: Duk da haka na janye nawa. Mutum-mutumi yanzu har na'urar nan mai motsi ake kira da shi, ya yi wa bakin yaro nauyi kuma.

Malam Na Bakin Kasuwa: Maganar danshin nan ban san ta ba, 'yata, kuma na karɓa. Ki rubuta dusar tunda lokaci ya ƙure. Amma a ajina audugar sama zan ci gaba da cewa. Rumbun haske kuma bai yi mini ba, ba a kunna wuta a rumbu.

Maman Iman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta curin ƙanƙara, ɗan tsanan ƙanƙara, da wasan zamiya. Na huɗun na sa "fitilar ƙanƙara" da fensir, in wani ya samo wanda ya fi kafin jibi da dare sai in goge. Iman tana kusa da ni tana ta maimaita curi, harafin "r" ɗin ne ya ƙi fita.