Tambaya kan gaɓar tekun Shela a tsibirin Lamu

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Ina da niyyar kai iyalina Kenya bayan kaka, kuma an ba ni shawarar gaɓar tekun Shela da ke tsibirin Lamu saboda rashin hayaniyarta. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su gaya mini ko akwai abin da ya rage na tarihin jiragen ruwan da aka san garin da su, domin ina so yara su ƙaru da ilimi.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Rairayin Shela ya kai kimanin kilomita 12, kuma da zarar mutum ya yi nisa da ƙauyen sai ya ga shi kaɗai ne, domin kusan babu mota a tsibirin, jakuna ne ke ɗaukar kaya. Tarihin da kake nema yana raye. Tsakanin Disamba da Maris iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, ita ce a da take kawo jiragen fatake masu filafilai daga Oman da Yaman da Indiya, ɗauke da dabino da tufafi. Idan ta juya daga Afrilu sai su koma da azara ta itatuwan bakin teku da hauren giwa, har da bayi, abin da bai kamata a ɓoye wa yara ba. Ka kai su ƙauyen Matondoni, inda har yau massassaƙa ke ƙera irin waɗannan jirage da hannu. A ganina wannan ya fi gidan tarihi amfani.

Uwar Gida:
Alhaji, jirgin sama yana sauka ne a tsibirin Manda, sannan kwalekwale ya tsallake da ku. A nan Manda ɗin akwai kufan garin Takwa, wanda mutanensa suka watse a ƙarni na 17, suka koma Shela. Idan tafiyarku ta dace da Rabi'ul Awwal, za ku tarar da maulidin masallacin Riyadha da ke garin Lamu, amma a lokacin garin cike yake da baƙi.

Malamin Tarihi:
Hajiya ta yi gaskiya. Shirun da ake yabo a yau asalinsa karayar kasuwa ne: layin dogo da aka kammala daga Mombasa a 1901 ya janye ciniki zuwa can, hana bauta a 1907 kuma ya durƙusar da gonakin attajiran Lamu. Shi ya sa tsofaffin gidajen dutse suka tsira ba a rushe su ba, har UNESCO ta sanya tsohon garin Lamu cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.