Awon MDA a gansakukar Chlorella ya ƙi daidaituwa

Salamu alaikum malamai. Muna gwada gurɓacewar ruwan kogin Kaduna, wajen Kakuri, da Chlorella, ƙaramar gansakukar ruwan daɗi, tunda gansakukar teku sai ruwan gishiri. Bayan awa 72 kulorofil ya ragu yadda ake zato. Awon MDA (malondialdehyde, sinadarin da ke nuna lalacewar kitsen ƙwayoyin halitta) ne ya gagara.

Ga yadda muke awon: sinadarin TBA (thiobarbituric acid) kashi 0.5 cikin ɗari a cikin sinadarin TCA (trichloroacetic acid) kashi 20 cikin ɗari, dahuwa a digiri 95 na minti 30, sai ƙanƙara, mu auna yawan hasken da ruwan ke sha a tsawon zangon haske nanomita 532 mu debe na 600. Amma ruwan rawaya-rawaya yake fitowa maimakon ruwan hoda, kuma kwalbar ruwa mai tsabta ta fi ta gurɓataccen ruwa yawan MDA, abin da bai kamata ba.

Sukarin cikin ƙwayoyin ne ke ɓata awon, sai an ƙara aunawa a nanomita 440? Ko rabawa da nauyin jiƙaƙƙiyar gansakuka ne matsalar, gara a raba da yawan furotin? Don Allah a taimaka.